Zobe na Farko

Ƙarfe huɗu na asuba, daf da Potters Bar,
ana yayyafi, gilashi ya yi gumi,
ni da Meng a gaban motar burodi
mun tsaya cik, an tare hanya.

Tirela ce ta kife a gaba, in ji rediyo.
Jajayen fitilu har inda ido ya gaza,
kamar an zazzage garwashi bayan suya.

Meng ya buɗe filas, shayinsa ba madara ba sukari.
Ya ce, wannan kuke kira zobe?
Guda ɗaya tak, har da tinƙaho!
Sai ya sa yatsa a gumin gilashi
ya zana mini garinsu, yana dariya.

Ga Beijin, ya ce. Duwatsu yamma, duwatsu arewa,
kudu da gabas a shimfiɗe kamar faifai.
Ya ja da'ira: na biyu.
Ya ja wata a bayanta: na uku. Na huɗu. Na biyar.
Na shida bai sami wuri ba, ya gangaro kan roba.
Albasa ce aka yanka ta tsakiya.

Na ce, ka yi tsallake, ina na farko?
Ya ce, babu. Daga biyu muke ƙirga.
Wasu su ce tsohon layin tarago ne, wasu su ce bangon fada.
Tambayi direba goma ka ji amsa goma,
kowa ya rantse tasa ce gaskiya.

Na biyun nan, ya ce, ganuwa ce a da.
Aka rushe ta, aka malala kwalta a sawunta.
Sunayen ƙofofi ne suka rage a jikin allo,
ƙofa ba ƙyaure, ba mai gadi, sai gadar sama.
Ban tanka ba. Badala na tuna,
inda muke hawa mu hango Dala da Goron Dutse,
yau shaguna sun cinye ta, ana facin taya.

A cikin na biyu aka haifi kakarsa,
wani lungu mai magarya a tsakar gida.
Uwarsa ta yi aure a bakin na uku.
Ran da aka shafa jan fenti a bangonsu
aka ba su ɗaki a hawa na sha tara, bayan na biyar,
tafiyar awa biyu kafin ta ga tsohuwar unguwa.
Sau ɗaya ta je. Ba ta gane komai ba
sai magaryar, tsaye tsakanin motoci,
an kewaye ta da waya.

Ni ma na ƙirga nawa a zuci.
Peckham, ɗaki ɗaya, haya ta kore ni.
Dagenham, shekara uku.
Yanzu Grays, can bayan wannan zoben.
Gari in ya yi ƙiba sai ya sassauta ɗamara,
mu ne muke zubowa ta baya.

Kowane dare muna kewaya Landan, ba mu shiga.
Mu bi ta ƙarƙashin kogi a Dartford, mu ɓullo,
mu wuce jiragen Heathrow suna layin sauka,
mu dawo inda muka fara kafin gari ya waye.
Akuya a turke ita ma tana cewa ta yi yawo,
iyakarta tsawon igiya.

Can sai fitilu suka fara motsi.
Na kunna iskar ɗumi don in ga gabana,
Beijin ta soma narkewa daga ƙasa:
na shida ya tafi, na biyar, hawa na sha tara,
duwatsun yamma suka zama ɗigon ruwa.
Saura ɗan fili a tsakiya, inda bai zana komai ba.
Meng ya danna babban yatsa a wurin, ya ɗan jima,
sannan ya goge hannu a wando.
Ya ce, Sallau, sa giya, burodi na hucewa,
Watford na jiran kaya.